Gani Ya Kori Ji: Ga Masu Cewa Waya Ai Waya Ce

Tun ban gama gyaran murya ba na hango ku. Ga wani can ya taɓe baki har leɓensa na neman haɓa. Ga Hajiya ta sauke tabarau kan karan hanci tana kallona ta samansa, irin kallon da ake yi wa yaron da aka aika kasuwa ya dawo ba kaya ba canji. Me na yi? Cewa kawai na yi irin ƙarfen da aka naɗe tsirkiyar jita da shi yana sauya muryarta, kuma yadda sauyin ke fita ya danganta da katakon da aka ɗora tsirkiyar a kai. Iyakar laifina ke nan. Ban ce na ga doki da ƙaho ba.

“Haba Malam, waya ai waya ce.”

To, na ji. Shadda ma ai shadda ce. Amma in ɗinkin Sallah ya matso, wa nake gani a kantin yadi yana murza ta tsakanin yatsu, yana ɗaga ta a rana, har yana kara kunne ya ji irin kwaramniyar da take yi? Ku ne dai. Kunnen da ya iya rarrabe yadi da yadi, yau shi ne ya kurumce da aka zo kan abin da don kunne aka yi shi. Allah mai iko.

Ku gyara zama. Jitar da nake magana a kai ita ce mai akwatin katako, wadda ba ta jiran a kawo wuta kafin ta yi magana. Tsirkiyarta shida. Biyu sirarai baƙin ƙarfe ne tsura, ba naɗi. Sauran huɗun kowacce tana da zuciya ta baƙin ƙarfe, sannan aka kanannaɗe ta da wata waya kamar zare a jikin mazari. A kan sirarai biyun na sallama muku, kusan duk inda ka je abu ɗaya ne. Kun ci biyu cikin shida. Ku riƙe abinku, amma kada ku yi guɗa, don ko a ajin malami mai tausayi biyu bisa shida jan biro ne. Rigimarmu a kan huɗun nan masu naɗi take.

Ka sami ƙusa biyu ka kafa a bangon siminti, ka ɗaure tsirkiya a tsakaninsu, ka ja ka saki. Abin da za ka ji da ƙyar zai kai kukan sauro. Tsirkiya ta cika siranta, ba ta iya tura iska. Aikinta shi ne ta girgiza jakin da take zaune a kai, jakin ya girgiza fuskar jitar, wadda kaurinta bai wuce milimita uku ba, fuskar kuma ta tura iska zuwa kunnenka. Kuma in ka kaɗa tsirkiya ɗaya, ba murya ɗaya take fitarwa ba. Mafi kauri a cikinsu tana kai da komo sau 82 a daƙiƙa guda. Wannan ce uwar murya. A bayanta akwai ’ya’ya, mai 164, mai 246, haka dai ana hawa har zuwa ’yan ƙananan da ke ƙyalƙyali a can sama. Yawan ’ya’yan nan da tsawon ransu shi ne abin da kunne ke kira zaƙi, ko kaifi, ko kauri. Nauyin wayar naɗi, da taurinta, da yadda zagayenta ke gugar juna, su ke yanke hukuncin wane ɗa zai rayu, wane zai mutu da wuri.

Katako fa? Katako rariya ne. Tsirkiya ce ke kawo gari, shi kuwa ya tankaɗe, ya bar wannan ya wuce, ya riƙe wancan. Rariya ba ta taɓa ƙara gari ba, amma tuwon da za a ci ya san da zamanta. In kun riƙe wannan kaɗai, ban yi asarar tawada ba.

Yanzu bari in gabatar muku da mutanen gidan. Ta farko ita ce wadda ake rubuta 80/20 a jikin kwalinta: kashi 80 jan ƙarfe, kashi 20 tutiya. Tun shekarun 1930 take kasuwa. Ranar da aka ɗaura ta sabuwa, Allah ya ba ka haƙuri. Sama ƙyal-ƙyal, ƙasa dum-dum, ga rawar kai, ga son a san ta iso. Sai dai magabata sun gama magana tuntuni: ganga in ta cika zaƙi fashewa za ta yi. Gumin hannu da iska ba sa raga mata. Kafin ka gama nuna ta ga abokai ta fara dusashewa. Masu naɗar kiɗa a ɗakin ɗaukar murya da yawa na son ta saboda wannan ƙyallin, sai su ɗaura ta gab da aiki, su more ta tana kan ganiyarta.

Ta biyu ’yar kuza ce: kashi 92 jan ƙarfe, wajen kashi 8 kuza, da ɗan ɓarɓashin fosfaras, kamar gishiri a miya. Kamfanin D’Addario na Amurka ya fito da ita a 1974. Mutanen nan fa ba jiya suka fara ba, tun ƙarni na 17 kakanninsu ke murza tsirkiya da hanjin tumaki a ƙauyen Salle na Italiya. Ita ’yar kuza ba ta da hayaniyar yayarta. Muryarta ta fi cika, ta fi ɗumi, kuma tana daɗewa kafin ta gaji, domin ta fi jure wa tsatsa. Shi ya sa in ka shiga kantin kayan kiɗa ka ce a ba ka tsirkiya, ba ka yi ƙarin bayani ba, sau da yawa ita za a miƙo maka.

Ta uku tsohuwa ce mai ran ƙarfe, sunanta monel: wajen kashi biyu bisa uku nikel, sauran galibi jan ƙarfe. Gamin ƙarfe ne da masu jiragen ruwa suka daɗe da sani, don ruwan gishiri ba ya cin sa da sauƙi. Kamfanin Martin mai ƙera jita ya yi amfani da ita a shekarun 1930, ta ɓace, daga baya aka dawo da ita. Ba ta ado, ba ta ƙyalli, launinta ma toka-toka ne. Ranar farko za ka rantse an sayar maka da tsohuwar tsirkiya. Amma masoyanta cewa suke yi ita ce ke ja da baya ta bar katako ya faɗi albarkacin bakinsa. Marigayi Tony Rice, gwanin makaɗin nan na Amurka da ya shahara da jitarsa ƙirar D-28 ta 1935, har tsirkiyar monel mai ɗauke da sunansa aka yi.

Akwai kuma masu riga, waɗanda aka lulluɓe da wata leda mai shara-shara don kada datti ya shiga tsakanin naɗin. Kamfanin W. L. Gore ya fito da irinsu mai suna Elixir a 1997. Suna daɗewa, suna tsada, kuma har gobe ana musu a kan ko rigar tana danne murya. Wannan musun na bar wa masu shi.

Na ji wani daga baya yana ɗaga murya: “Ɗan Maraya Jos da gwangwanin kifi ya yi kuntigi, ya zaga duniya. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Ina tutiya, ina kuza?”

Sannu da bincike, ranka ya daɗe. Amma ka ɗauko sanda ka ba ni in dake ka da ita. Shin Mdou Moctar ya zauna a kan wayar birkin ne da ya sami tsirkiyar gaske? Kuma kuntigin nan, ai ba gwangwanin ke magana ba, fatar da aka shimfiɗa a bakinsa ce. Je ka wurin mai goge ka ce ya cire izgar doki ya sa zaren buhu, ya cire fatar ya sa leda, tunda igiya igiya ce. In ka dawo da haƙoranka cikakku, ka zo ka ba ni labari. Makaɗanmu sun san tun fil azal cewa tsirkiya da fuska su ne abin kiɗa. Ku ne dai da kuka ji an ce jita kuka ɗauka hankalin ya canza.

Mu koma kan katako. Fuskar yawancin jitoci da itacen sifurus ake yin ta, musamman irin na Sitka da ke fitowa daga Alaska da yammacin Kanada. Dalili kuwa shi ne ba shi da nauyi amma yana da ƙarfi, ga shi yana ɗaukar duka. Akwai itacen sida, wanda ya fi shi taushi da rashin nauyi. Shi ko shafa shi ka yi zai amsa, amma in ka zuba masa ƙarfi sai murya ta cushe. Akwai kuma jitar da fuskarta ma mahogani ce, itace mai nauyi, mai magana a dunƙule ba tare da yawan kwalliya ba. Su kuma baya da gefe, a nan ake baje kolin sunaye: rozwud, mahogani, mefil, da itacen koa na tsibirin Hawayi. Tun shekarun 1930 Martin ke yin D-18 da D-28, siffa ɗaya, fuska sifurus, amma ta farko bayanta mahogani, ta biyu rozwud. Makaɗa na cewa rozwud na da zurfin ƙasa da ƙyallin sama, mahogani kuwa ƙarfinsa a tsakiya yake, busasshe, kai tsaye. Mefil suna cewa haske gare shi, kuma ba ya jan magana.

Kafin ku ce wannan duk harkar Turawa ce, ku leƙa bayan gida. Abin da ake sayarwa da sunan mahoganin Afirka ɗan’uwan maɗaci ne, wannan dai da ake jiƙa ɓawonsa a ɗura wa yaro yana kuka. Katakon safele da ke cikin jitoci bila adadin daga garin Sapele na jihar Delta ya samo suna. Baƙin katakon da ake shimfiɗawa a wuyan jita, inda yatsu ke takawa, dangin kanya ne, kuma da yawansa daga Kamaru yake fitowa. Tun 2011 kamfanin jita na Taylor ke da hannun jari a wata masana’antar yanka shi a Yawunde. Wato ana kiɗa da ’yan’uwan itatuwan da kuke shan inuwarsu, ku kuna nan kuna taɓe baki.

To yaya ake aurar da su? Tunda tsirkiya ke kawo gari, katako ke tankaɗewa, lissafin a fili yake. Jitar da muryarta ta yi duhu, kamar mai fuskar mahogani, ko babba mai yawan gurnani a ƙasa, in ka ba ta ’yar tutiya sai ka ji kamar an buɗe taga. Jitar da dama can tsiwa gare ta, mai fuskar sifurus sabuwa fil, in ka ƙara mata ’yar tutiya ka zuba barkono a kan yaji, gara ’yar kuza ta lallashe ta. Mai fuskar sida da ake kaɗawa da yatsu tana shiri da tsirkiya mai sauƙin ja, har da irin wadda ake sa wa zaren siliki tsakanin zuciya da naɗi. Monel kuwa tana rage ’ya’yan sama ta bar uwar murya a fili, shi ya sa masu son a ji kowane taku daban suke ɗaura ta. Wasu makaɗa kuma ba sa neman sulhu ko kaɗan, mai haske suke ƙara wa haske, don a taron kiɗa su huda ta tsakiyar kowa a ji su. Duka biyun hanya ce. Wanda ba hanya ba shi ne a ce duk ɗaya ne.

Kada kuma ku manta da kauri. Jerin tsirkiya shida na matsakaicin siranta, wanda makaɗa ke kira mai lamba 12, in an ɗaure shi daidai yana jan jaki da nauyin da ya haura kilo 70. Kusan buhun siminti ɗaya da rabi ke nan, rataye a jikin katakon da kaurinsa bai wuce milimita uku ba, dare da rana. In ka ƙara kauri, ka ƙara ja, fuska ta ƙara motsi, murya ta ƙara ƙarfi, yatsunka su ƙara kuka. Kai kuma mai jitar da aka ƙera don tsirkiyar roba, in ka ɗaura mata ta ƙarfe da hujjar waya waya ce, ranar da jakin ya ɓalle kada ka ce ban faɗa ba.

Yanzu fa na ga wasu sun fara gyaɗa kai. A’a, ba ku masu taɓe baki ba, ɗaya ɓangaren nake nufi: ’yan kunnen zinariya. Masu cewa ko daga bayan katanga suka ji kiɗa za su gaya maka a wace ƙasa itacen ya tsiro. Ku ma ku matso, naku rabon na nan.

A 2018 aka wallafa wani bincike da masana na Jami’ar Lankasta ta Ingila suka jagoranta. An sa maƙerin jitocin Fylde, Roger Bucknall, ya ƙera jita shida iri ɗaya, fuska iri ɗaya, tsirkiya iri ɗaya, baya da gefe kaɗai suka bambanta. A ciki har da rozwud na Barazil, wanda tun 1992 aka sa shi a jerin itatuwan da aka fi tsananta hana cinikinsu a duniya, kuɗinsa kuwa sai wane da wane. Har da safele, na talakawa. Aka tara makaɗa 52 a ɗaki mai duhu-duhu, aka sa musu tabarau irin na masu walda, aka ce su kaɗa su ba da maki. Makin ya fito kusan kai ɗaya. Da aka zo gwajin gane wacce ce wacce, da ƙyar suka ɗara mai canki-canka.

Kun ji fa. Hausawa da suka ce gani ya kori ji, yabon ido suke yi. A harkar jita kuwa ƙorafi ne. Ido ne ke hango jan katako mai zane, ya hango kuɗin da aka rubuta, ya kori kunne daga kujerarsa ya zauna yana yanke hukunci. Ba kuma yau aka gano haka ba. Tun 1862 Antonio de Torres, Basifaniyen da ya tsara siffar jitar da muka sani, ya ƙera wata mai fuskar katako na gari amma baya da gefe na kwali, kuma tana nan a gidan adana kayan kiɗa na Basalona. A 1995 Bob Taylor na kamfanin Taylor ya tsinci katakon da ake ɗora kaya a kai a bayan masana’antarsa ya yi jita da shi. Abin da ke raba jita da jita ya fi yawa a fuska, da katakan da aka tokare ta da su daga ciki, da girman akwati, da hannun maƙeri. Shi ya sa maƙeri ke ƙwanƙwasa allon fuska yana saurare, kamar mace mai sayen tukunyar ƙasa, domin ko itace ɗaya aka tsaga, allo biyu ba sa zama ɗaya.

To ga inda kuka ba ni dariya, ku masu shakka. Tsirkiya, wadda ita ce ke haifar da muryar tun daga tushe, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, wadda za ka canza cikin rabin awa, ita kuka raina. Amma da mai kanti ya shafa bayan jita ya ambaci sunan itace mai tsada, sai jikinku ya yi sanyi, kuka fara lalube aljihu. Kun kai shakka inda ba a neme ta ba, inda ake cigiyarta kuma ba ku je ba.

Kai kuma na gaba-gaba, mai rantsuwa cewa ka gwada ba ka ji komai ba, tsakaninka da Allah yaushe rabonka da canza tsirkiya? Ɗauko jitar mu gani. Ka ga naɗin nan da ya yi kore, ga dauɗar shekara uku ta cike tsakaninsa, ga man ƙuli-ƙuli? Gumi da datti ’ya’yan sama suke fara kashewa, kuma a nan mafi yawan bambancin yake zaune. Matacciyar tsirkiya ba ta da ƙabila. Gaskiyarka, duk ɗaya ne, kamar yadda shayi da kunu suke ɗaya a bakin mai mura. Ga hunturu kuma. Maƙera na son jita ta zauna a iska mai laima kashi 45 zuwa 55, kai kuwa ka jingine ta a bango tana shan busasshiyar iska har fuska ta tsage, sannan ka zo kana zargin tutiya da kuza.

Ba sai kun yarda da ni ba, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku sayi jeri biyu masu kauri ɗaya, ’yar tutiya da ’yar kuza. Ku ɗaura ta farko, ku ba ta kwana biyu ta zauna, ku naɗi kiɗa da wayar hannu a ɗaki ɗaya, nisa ɗaya, waƙa ɗaya. Ku cire, ku ɗaura ta biyu, ku maimaita. Sannan ku ba ƙanenku wayar ya riƙa kunnawa a hargitse, ku kuna juya masa baya. In akwai jitar aboki mai fuskar wani itacen, ku yi mata haka ita ma, ku ji ko tsirkiyar da ta gyara taku ba ita ce ta ɓata tasa ba. Wanda bai amince da ƙeyarsa ba, mai walda na bakin titi, ya je ya ari tabarau.

Na kuwa san halinku. Ranar da kuka ji bambancin, ba wanda zai zo ya ce Malam ka yi gaskiya. Hajiya za ta mayar da tabarau mazauninsa, mai taɓe baki ya tattara leɓensa, ku dube ni ido cikin ido ku ce, “Ai dama mun sani.” Ba komai, na yafe. Tabarau ɗin mai walda dai ku mayar masa, da shi yake ci.